Abin da Hoton Bici Ya Nuna

Malam,

Ka kwanta a gajiye, shi ya sa ban tashe ka ba. Na bi motar asuba zuwa Kano da Yaya Luba.

Jiya a asibiti likitar ta daɗe tana kallon hoton cikina, sannan ta kira wata. Sun ce hanyoyin ƙwai sun kumbura. Suna zargin tarin fuka ne ya sauka mahaifa, ya hana ni haihuwa. A Kano za a sake dubawa da babbar na'ura, har ƙirji.

Na dama kunu da ragowar geron.

Don Allah ka kai Inna asibiti yau. Sun tambaye ni ko akwai mai tari a gidanmu. Ɗazu da na kai mata ruwan alwala, na ga jini a mayafinta.

Barira