Kuɗin Jamus ɗinka suna hannun Yaya Sale

Malam,

Assalamu alaikum. Na san ba za ka karanta wannan ba, amma yau kwanana hamsin cikin takaba, na kasa zama wuri ɗaya. Na share tsakar gida sau biyu, na rasa abin yi, sai na ɗauko bironka.

Gida lafiya. An cire masarar gonarka ta Yako, ta yi kyau. Hauwa ta ci jarrabawa, Ummi kuma har yanzu tana jera maka takalmi a bakin ƙofa.

Abin da ya hana ni sukuni littafin nan naka ne, na tsofaffin kuɗin Jamus. Shekara nawa kana tara su, tun takardar farko da wani Bajamushe ya ba mahaifinka a Tiga? Ka tuna yadda kake wanke hannu kafin ka taɓa su, kana ba ni labarin zamanin da mutum zai tura baro cike da kuɗi ya sayo burodi ɗaya? Ni kuma ina maka tsiya cewa mai biliyoyi ya rasa kuɗin cefane.

To, yayanka Sale ya gani. Tunda 'ya'yanmu mata ne, yana da rabo a gadonka, yau da sassafe ya zo lissafa kaya. Da ya buɗe littafin ya ga takarda ɗaya miliyan ɗari, wata biliyan biyar, sai da ya nemi kujera. Na yi masa bayani yadda ka koya mini, cewa kusan shekara ɗari ke nan da suka daina sayen ko allura. Ya dube ni kamar ya kama ɓarauniya. Ya sa littafin a hammata ya tafi gidansa a Kafin Maiyaƙi da shi, wai gobe zai kai wa 'yan canji a Kano.

Ka san halin yayanka. Idan suka yi masa dariya a gaban jama'a, kana ganin zai dawo da shi? A kwata zai watsar, ko ya bar wa mai ƙosai ta naɗe kaya. Ni kuwa ba halin in bi shi, takaba ta ɗaure ni.

Akwai abin da ban taɓa faɗa maka ba. Takardar nan mai ruwan ƙasa da ka yi mako biyu kana nema, har ka ɗora wa ɓera laifi ka sayo tarko, ni ce. Damina ce, itace ya jiƙe, na gan ta a kan tabarma, na hura wuta da ita. Ina sane. Haushi nake ji, don ka fi kallonsu a kaina. Kana ta ɗaga katifa ina kallonka. Me ya hana ni magana? Ka yafe mini, Malam, wallahi abin yana cina.

Yanzu ga shi ni ce nake son su. A ƙarƙashin kowace takarda akwai rubutun hannunka, inda ka samo ta da ranar. Wa zai san darajar wannan in ba ni da yaranka ba?

Ɗazu da hantsi na aiki ƙanena ya gaya wa Yaya Sale ya riƙe tumunina na gonar Yako, halak malak, ya dawo mini da littafin. Na zaci na yi dabara. Ashe na ƙara ɓata lamarin ne. Ya aiko cewa mace ba za ta bar gona saboda takardar banza ba, yanzu ya tabbata dukiya ce. Har ya fasa jiran gobe, ya hau mota tun kafin azahar.

Ga la'asar ta yi. Duk babur ɗin da ya tsaya a ƙofar gida sai na miƙe.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka.

Matarka,
Maman Hauwa, daga Ƙiru