Na Ga Yatsanka, Yaya Malami

Zuwa ga yayana Malami, a gidanmu na Ƙofar Dundaye.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina miƙa gaisuwa irin ta ƙane ga wansa, ina yi maka ya jiki, ina gaida matarka Luba, wadda na san ita za ta karanta maka wannan takarda. Na kuma san za ta tsallake duk inda na tsokane ta, halinta ne. Na sa wasiƙar a fili saboda akwai masu bibiyata da suka daɗe suna tambayata wanne na fi so cikin wasannin kwamfuta na da. Na rasa yadda zan ba su amsa ba tare da na bi ta kanka ba.

Tun ranar da aka ce mini ka faɗi a bakin shago, ɓarin jikinka na dama ya shanye, magana ta ɗauke, ban sake jin ƙarar waya gabana bai faɗi ba. Ina cikin jera kwalaye a sito, sai ta yi motsi a aljihu, in tsaya da kwali a hannu kamar an dasa ni. Wani lokaci talla ce kawai. 

Ka tuna gidan Kawu Dikko a Arkilla? Yana cikin waɗanda ruwan kuɗin mai ya jiƙa. An tura shi kwas ƙasar waje, ya dawo da firji da talabijin da mota mai dogon hanci. Kafin mu yi wayo ruwan ya janye, soja sun karɓi mulki, motar ta hau kan duwatsu, kaji na ƙwai a kujerar baya. Kwamfutar kuwa wani Bature injiniya da suka yi aiki tare ya bar masa ita da aka tsayar da kwangilarsu, haɗe da kwalin faya-fayai. Kawu bai san abin da zai yi da ita ba, ya lulluɓe ta da zane. Mu muka yaye.

Don masu leƙen wasiƙar nan da ba su riski zamanin ba, bari in faɗi yadda wasan yake. Babu harbi, babu tsere. Wani ɗan mutum ne a cikin hoto, kai kuma kana da kibiya. Ka nuna ƙofa ka latsa, ya tafi. Ka nuna abu ka latsa, ya ɗauka ya jefa aljihu. In kana son a yi aiki da abin, sai ka latsa shi, sannan ka latsa wurin da kake so a kai shi. Ɗauki wannan, kai shi nan. Shi ke nan dukan harshen wasan.

Kai ke riƙe da kusu, abin da masu boko yanzu ke kira linzami. Ni ke riƙe da ƙamus, ina fassara maka abin da ɗan mutumin ya ce, rabi gaskiya rabi ƙarya. Idan zafin Sakkwato ya tsananta bayan azahar, kwamfutar ta fara nishi, sai in aje ƙamus in ɗauki mahuci ina yi mata fifita kamar mai jego.

Kullum sau biyu kake latsawa, ko da ɗaya ya isa. Na yi maka gyara har na gaji. Amsarka ɗaya ce: “Na hwarko sallama na.” Abin ya bi jikinka, har a bakin akushi in kana son a miƙo maka gishiri sai ka nuna shi ka ƙwanƙwasa tabarma sau biyu, Inna ta ce ko an ɗaure maka baki ne.

Da zarar ƙwan fitila ya ƙifta kuma, sai ka ce, “Mu aje, Bello, masu wuta ba su da alƙawali.” Mu ajiye inda muka kai, in an ɗauke mu dawo daga nan.

Ba mu taɓa kiran wasannin da sunayensu na Turanci ba, mu muka raɗa musu. Wanda nake gaya wa mutane na fi so shi ne Mai Agogo, wani tsoho da lokaci ya tsaya a garinsu, yana yawo yana tattara ƙarafa don ya tayar da babban agogon kasuwa. Ina son sa saboda yana da tausayi. Ba ya kashe ka. In ka yi wauta sai tsohon ya ɗaga kafaɗa ya ce hakan ba zai yiwu ba, ka sake tunani. Duk ƙofar da ka wuce tana nan a buɗe. Yana da nasa haukan, na yarda. Mun kwashe makonni kafin mu gane sai an shafa wa jaki man shanu a wutsiya sannan zai tashi daga kan rijiya, kuma har yau ina ganin wanda ya tsara wannan wurin ya cancanci bulala. Amma bai taɓa hukunta mu kan abin da ba mu da hanyar sani ba, kuma a wurina wannan ne ma'aunin wasa mai kyau.

Wanda na tsana shi ne wanda muka sa wa Sarkin Kisa. Ka taka matakala, ka mutu. Ka sha ruwa, ka mutu. Ka gai da mai gadi ba da irin gaisuwar da yake so ba, ka mutu, kuma a rubuto maka ba'a a kai. Zanensa ya fi na kowa kyau, ba zan hana shi haƙƙinsa ba. Sai dai mu ba mu buƙatar kwamfuta ta koya mana wannan. Muna fitowa daga Arkilla da la'asar muna sauri kafin dokar hana fita, mu tarar an sa dattijo tsallen kwaɗo a shingen soja don bai sauka daga keke da wuri ba. Jiya ba doka ba ce, yau doka ce, kuma ba a gaya maka sai ka karya ta. Na tuna yadda kake matse mini hannu mu wuce kanmu a ƙasa. Na kuma tuna wani kofur a cikinsu da ya ga mun makara ya raka mu har bakin unguwa yana yi mana faɗa. Shi ma na ba shi nasa.

Na uku shi ne Ɗan Aike, kuma saboda shi na ɗauki alƙalami.

An ba wani saurayi akwati ya kai wani birni a hayin teku. A farkon tafiya hadari ya kora shi bukkar wata tsohuwa, ta ba shi abinci da wurin kwana. Da safe tana barci, ga allura da zare a kan teburinta. Ka kai kibiya kan tsohuwar ka latsa don a nemi izini, saurayin ya ce ba ya son ya tashe ta. Ka sake, haka. Na ce mu ɗauka kawai, ai wasa ne. Ka janye kibiyar ka ce, “Kayan tsohuwa na, kuma ta ba mu masauki.” Ban ja ba, don ni ma kunyar abin ta kama ni. Muka fita, muka haye gada, gadar ta karye a bayanmu.

Damina guda muna wannan tafiya. Muka ratsa daji, muka yaudari mai kuɗin fito, muka sami jirgin ruwa. Birnin ya bayyana ke nan iska ta keta filafilan jirgin. Babu abin da ba mu kai kan wannan yagar ba: igiya, ƙaya, ƙashin kifi, har takalmin saurayin. Faifai ɗaya muke ajiya a kai, kuma mun danne ajiyar farko tun tuni. Da muka gaji muka je Sabon Gari wurin mai shagon kayan lantarki da ya san wasannin, ya dube mu ya tambaya ina allurar. Ashe tun daga bukkar nan wasan ya ƙare mana, aka bar mu muna ta tafiya muna murna.

Ka yi dariya har da hawaye a bakin shagon, ka ce, “To wanga wasa na ɓarayi na.” Ka ƙi a sake daga farko. Ba a daɗe ba aka karanto sunan Kawu a rediyo cikin waɗanda aka sallama daga aiki nan take, aka ce ya fita daga gidan tunda na gwamnati ne, kwamfutar ta bi firji da talabijin kasuwa. Ɗan Aike ya zauna a tsakiyar teku.

Ka san sauran. Aka yi ta rufe jami'a ana buɗewa, na ƙosa, na ce ƙasar nan ta cinye Kawu ba za ta cinye ni ba, na kama hanyar ƙasar waje. Kai ka zauna a shagon yadin Baba. Ranar da ka raka ni tasha ba ka yi mini wa'azi ba, ka leƙo ta tagar mota ka ce, “Bello, an aje?” Na ɗauka wasa kake.

Ba a aje ba, Yaya. Takarduna na izinin zama a ƙasar da na zo har yau a rataye suke. Lauya ya gaya mini ƙarara cewa in na fita kafin a yanke hukunci, ƙofar ta rufe, kuma shekarun da na yi ina daskarewa a nan sun tafi a banza. Ba zan ce mutanen nan sun zalunce ni ba. Dokarsu ce, a rubuce take, sun kuma faɗa mini tun farko, abin da namu ba su taɓa yi ba. Amma da wannan dokar aka kai Inna makwancinta ina sauraron salati ta waya.

Makon jiya Luba ta turo mini bidiyonka. Ta ce ka dame su da wata alama da sun kasa ganewa. Sun kawo ruwa, sun kawo matashi, sun juya ka, wani ya ce tasbihi kake yi. Na kalla a lokacin hutun cin abinci, a zaune kan kwali.

Ka rame, Yaya. Ban shirya ganin wuyanka haka ba.

Ka ɗaga hannun hagu, kai da ka taɓa marina don na miƙa wa Baba moɗa da hagu. Ka nuna hoton nan na bango da muka ɗauka da Sallah, yatsan ya tsaya a kaina, ya motsa sau biyu. Sannan ka sauko da shi a hankali, ka ƙwanƙwasa tabarma a gefenka sau biyu. Ka dubi Luba. Ta gyara maka matashi. Ka rufe ido, ka sake daga farko.

Ɗauki wannan, kai shi nan.

Luba ta yi shekaru tana cewa ni da kai mun ɓata ƙuruciya a gaban akwatin Nasara. To ga ranarsa, uwar gida. Duk gidan babu mai jin harshen nan sai mai ƙamus.

Tun daga ranar tsoro bai sake ni ba, kuma ba iri ɗaya ba ne. Ina tsoron fassarar tawa irin ta da ce, rabi ƙarya, na ga abin da nake son gani ne a yatsan mara lafiya. Ina tsoron in shigo zaure in yi sallama, ka dube ni ka dubi hoton ka ga ba mutum ɗaya ba ne, don wancan yana da gashi da kumatu. Ina tsoron dawowa da furfura hannu rabbana, in zauna a garin da na zage shi na fita, 'yan unguwa suna nuna ni da baki. Wanda ya fi hana ni cin abinci shi ne wanda ka sani: ƙwan fitila ya riga ya ƙifta, kuma wannan karon babu faifai. Ina tsoron in sauka a filin jirgi in kunna waya in ga kiran Luba a jere.

Ga amsar masu tambaya, tunda sun yi haƙuri har nan. Mai Agogo ya fi kyau, shi zan ba kowane yaro. Amma Ɗan Aike ne bai bar ni ba. Na ce wasa bai kamata ya bar mutum yana tafiya alhali ya riga ya faɗi ba, kuma ina nan a kan bakana. Sai dai shi kaɗai ne cikin ukun bai yi mana ƙarya ba.

Na same shi a intanet bara, na sa a ƙaramar kwamfutata. Na bincika ko'ina ko akwai yadda za a tashi tsohuwar ta bayar da allurar da hannunta. Babu. Gaskiyarka, sai an ɗauka tana barci. Na kai saurayin cikin bukkar, na ɗora kibiya kan allurar, na daɗe ina kallonta, na kasa. Ba aikina ba ne. A nan na aje.

Na gaya wa lauya jiya. Ya cire tabarau ya tambaye ni ko na fahimci abin da nake yi, na ce na fahimta.  Na yanki tikiti na zuwa kawai. Kwamfutar tana cikin jakar hannu, na sayi kusu mai laushi wanda hagu za ta iya. In ka ga dama ka ɗauki allurar mu ga birnin nan. In ka ce har yanzu kayan tsohuwa ne, mu bar mata, mu zauna a bukkar tare.

Abu ɗaya nake roƙo. Ka ci abin da Luba ta ba ka ko ba ka so. Ka sha maganin. Ka daina wahalar da hannun nan, an gani, an latsa, ɗan mutumin ya kama hanya. Ka dai san tafiyarsa, ba ya gudu.

Ya Allah, Mai riƙe da numfashin kowane bawa, Ka riƙe mini na yayana har in iso. Ka saki harshensa, in kuma ba Ka ƙaddara ba, Ka bar masa yatsan nan. Ka jiƙan Inna da Baba da Kawu Dikko. Ka saka wa Luba da alheri. Kada Ka karya wannan gadar sai na haye. Amin.

A bar mini wurin nan na gefenka a tabarma, kada kowa ya zauna.

Ƙanenka mai riƙon ƙamus,
Bello.