Ƙasar da Kaka za ta iya zuwa

Daren Laraba, Tudun Ƙofa

Yau na yi magana a gaban Baba da Baffa Isa.

Bayan sallar isha aka sake zama kan aikin jinyar da Umma ta samu a waje, ko Ingila ko Saudiyya. Baba ya fi son Ingila saboda karatunmu. Yaya Sadiƙ ma Ingila yake so, amma kowa ya san don ƙwallo ne. Ni ina gefe ina shafa wa Kaka man zafi a gwiwa kamar kullum, tunda ba a sa yara a irin wannan magana.

Baffa ne ya tsokane ni, ya ce, "To ke bebiyar gida, ina za ki?"

Kaina a sunkuye na ce, "Kaka ta taɓa gaya mini ba za ta hau jirgi ba sai in Makka za shi. In muka tafi Ingila, ba za ta zo ganinmu ba."

Kaka ta dungure mini kai ta ce, "Uwar surutu, wa ya aike ki?" Amma ba ta musa ba.

Baba ya ce a bari ya yi istihara tukuna. Ni dai tsorona kada in ɓata wa Umma, don ban san wacce ta fi so ba. Ɗazu ina shimfiɗa ta leƙo ta ce, "Gobe ki tambayar mini Kaka ko fasfonta bai ƙare ba."