Ashe Makirufona A Kashe Yake, Kuma Maigidana Ke Kashewa

Anti, don girman Allah ki taimake ni da shawara, abin duniya ya ishe ni kuma na rasa wanda zan faɗa wa. Duk wanda zan kai wa kukana, yana cikin waɗanda suka san maganar tun kafin ni in sani. Ki yi haƙuri in na yi ta zuba, haka Allah ya yi ni, in na fara magana sai na ga ƙarshenta.

Ni tela ce, matar aure mai 'ya'ya. Amma ki tambayi duk wanda ya san ni, ba ɗinki zai fara ambata ba, waƙa zai ce miki. Ina son waƙa, Anti, son da wani lokaci har tsoro yake ba ni. Rediyon shagona ba ya hutawa. Keke na gudu ina bin waƙa, masu kawo ɗinki sai sun taɓa kafaɗata kafin in san sun shigo. In na ji za a yi taron waƙoƙin yabo, ko ina ne, muddin mota na zuwa to ni ma na je. Na sha rufe shago da rana tsaka in bi layin tikiti, in shiga in tsaya a ƙafa har a tashi. Wanda bai taɓa tsayawa cikin cincirindon mutane ana rera waƙa ɗaya ba, ba zai gane ba. Akwai inda makaɗa kan ɗauke hannu gaba ɗaya, ganga ta yi shiru, jita ta yi shiru, a bar muryoyin jama'a kawai. Nan tsigar jikina take tashi, hawaye su zubo ban ma sani ba. Fasto ya yi haƙuri, amma ni a nan na fi jin kusanci da Ubangiji, ba lokacin wa'azi ba.

Tun kafin in haifi autata nake cikin ƙungiyar mawaƙan majami'armu. Ruwa ko rana ba na fashin zuwa koyon waƙa. Rigunan da muke sawa ma ni na ɗinka su da hannuna. Shugaban mawaƙa shi ya sa ni a layin gaba, wai fuskata kaɗai ta isa ta sa mai baƙin ciki ya tashi ya yi yabo. Ni kuwa sakarai sai kaina ya kumbura. A wurinmu 'yan layin gaba kowa da makirufonsa a hannu, nawa an naɗa masa koren tef don kada ya ɓace.

Maigidana aikin lantarki yake yi, ranar Lahadi kuma shi ke zama can baya wajen na'urar da ke haɗa sauti, da abin ji a kunnensa. Kowane makirufo yana da ɗan maɓallinsa a gabansa, in ya tura sama a ji mutum, in ya jawo ƙasa shi ke nan. Mutum ne mara hayaniya, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Shi yake miƙo mini makirufon da hannunsa. A hanyar gida in tambaye shi ko ya ji ni yau, ya ce ya ji ni mana. Na sha yi masa ƙorafi cewa ba na jin kaina a 'yar lasifikar da ke gabanmu, wadda mawaƙa ke jin kansu da ita. Sai ya ce zai duba. Ni kuma sai in ƙara buɗe maƙogwaro.

To a watan jiya ƙungiyarmu ta shirya nata taron waƙa a wani babban ɗakin taro, da yamma, aka gayyaci wasu majami'u. Ni kam har da masu kawo mini ɗinki na gayyata, yayata ma ta zo da 'ya'yanta. Ana tsakiyar waƙa, wuri ya ɗauka, sai makirufon mai ba da waƙa ya mutu, batir ya ƙare. Ina kusa da ita, nan take na miƙa mata nawa. Anti, a nan ne abin yake. Ba ta kai shi baki ba. Ba ta ko gwada shi ba. Tana karɓa sai ta ɗaga shi sama ta juya wajen maigidana da ke kan na'urar sauti, tana yi masa alama da yatsa ya buɗe. Na ga hannunsa ya motsa, lasifika ta yi 'yar ƙara, sannan ta sa baki muryarta ta cika ɗakin.

Yaya aka yi ta san a kashe yake? Na sha jinin jikina. Na juya na kalli 'yan uwana mawaƙa, kowa ya sunkuyar da kai sai ka ce sun yar da allura. Shugaba yana ta kaɗa hannu, ya ƙi yarda mu haɗa ido. Na tsaya hannu rabbana a gaban jama'a. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da muka koma gida na tsare shi. Bai musa ba, ya yi tsuru-tsuru ya faɗa mini komai. Wai tun da daɗewa shugaba ya same shi, ya ce in waƙa ta shige ni muryata takan haura ta bar inda ake, har ta ja na kusa da ni su kauce. Wai ba sa son su cire ni don ba wanda ya kai ni himma, sai dai a riƙa kashe makirufona. Shi kuma ya ga gara shi ya yi da hannunsa da a sa wani. Ya ce ya sha niyyar faɗa mini, sai ya ga yadda nake fitowa daga sujada fuskata na sheƙi, ya fasa. Har da cewa ba ƙarya yake mini ba, wai a abin kunnensa yana iya jin kowane makirufo shi kaɗai, kuma duk Lahadi yakan saurare ni. Ki ji mini mutum! Wato ni ina can ina zufa ina yi wa jama'ar Allah waƙa, ashe mutum ɗaya nake yi wa, shi ma a ɓoye.

Ba zan ɓoye miki ba, ni ma ba kanwar lasa ba ce. Akwai wata da ta taɓa ce mini in rage murya, na wanke ta tas a gaban mutane, na ce hassada ce. Amma ko da haka, Anti, a mayar da ni hoto? Kowa ya sani, har sababbin shiga, ni kaɗai ce ban sani ba?

Tun ranar ban koma koyon waƙa ba. Ranar Lahadi a kujerar baya nake zama, ana tashi in sulale. Matar fasto ta kira, shugaba ya aiko, ban amsa wa kowa ba. Maigidana kuwa daga gaisuwa sai gaisuwa, yana ta kewaye ni kamar mai jinya. An yi wani taron waƙa kusa da mu, na ji labari ban ko motsa ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ko ni kaɗai a shago in na buɗe baki zan rera, sai in kasa. Ina ta tambayar kaina ko duk yabon da na yi shekara da shekaru wasan yara ne.

In bar ƙungiyar? In koma wata majami'a inda ba a san ni ba? Shi kuma wannan bawan Allah, ta ina zan fara yafe masa? Ina sonsa, amma in na kalli hannunsa sai zuciyata ta yi baƙi. Ki faɗa mini gaskiya, ko mai ɗaci ce, na gaji da masu lallaɓa ni.

Taki,
Tela Mai Son Waƙa

AMSA

'Yar'uwata, sannu. Na karanta wasiƙarki na ji zafin a raina, kuma tunda gaskiya kika nema, ga ta.

An yi miki laifi, kada kowa ya ce miki wai ƙaramin abu ne. Laifin ba cewa muryarki tana kaucewa ba ne, wannan yana iya zama gaskiya. Laifin shi ne an yanke hukunci a kanki a bayan idonki, aka bar ki kina tsaye a gaban jama'a ba ki san halin da kike ciki ba. Kaso mafi girma na shugabanku ne. Aikinsa ya koyar, ya gyara. Ya ga gyaran zai yi masa wuya, sai ya ɗora wa mijinki, ya ci gaba da cin moriyar himmarki.

Amma ki zauna ki yi wa kanki tambaya ɗaya: me ya sa ƙungiya guda aka rasa mai iya tunkararki? Ke da bakinki kin ba da amsa. Ranar da kika wanke waccan baiwar Allah a bainar jama'a, ranar kowa ya ɗauki darasi. Wannan bai wanke su ba, amma ya nuna miki ta inda abin ya shigo. Ki neme ta ki ba ta haƙuri. Cikinsu duka ita kaɗai ce ta girmama ki har ta faɗa miki a fuska.

Maigidanki kuwa, ban ga raini a abin da ya yi ba. Na ga so da tsoro sun haɗu, tsoron ya rinjaya. Maganar wai yana sauraronki a kunnensa, na yarda yana yi, kuma ki riƙe ta, don mutum ba ya nacewa sauraron wanda ya raina. Sai dai ba ta share ƙaryar ba. Ya san abin da kike nufi in kin tambaye shi, ya ba ki amsar da ya san za ki fahimta a karkace. Ki faɗa masa haka ƙarara, sau ɗaya, ba da gaba ba. Shirun da kike yi masa ba ya koya masa komai sai ƙarin tsoronki, kuma tsoron nan shi ya kawo ku inda kuke.

Na tuntuɓi wata malamar waƙa a kan batunki, ban faɗi ko wace ce ba. Ta ce haurawar murya in waƙa ta ratsa mutum abu ne da ta saba gani, kuma sau da yawa yana gyaruwa da koyo. Ta ƙara da abin da ya sa na ji haushin shugabanku sabo: mawaƙin da ba ya jin kansa dole ya yi ta ƙara ƙarfi, ƙarin ƙarfin kuma shi ke ƙara kautar da shi. Wato maganin da suka ba ki shi ya riƙa ƙara ciwon. Ba na yi miki alkawarin za ki zama mai ba da waƙa. Ina dai gaya miki ba a taɓa ba ki damar gwadawa ba.

Batun ko yabonki wasa ne, ki cire shi daga ranki. An yi makirufo ne don kunnen mutane. Wanda kike yi wa waƙar bai taɓa buƙatar a tura wani maɓalli kafin ya ji ki ba.

Kada ki sauya majami'a yanzu. Da wannan muryar da wannan ciwon za ki tafi, can ma su lallaɓa ki, ki dawo gidan jiya. Ki je ki sami shugaba a ranar da ba sujada, maigidanki na zaune. Ki ce masa ko dai ya koya miki, ko ya gaya miki a fili cewa wurinki layin baya ne, ke kuma ki zaɓa. Ki kuma tambaye shi ko akwai wani da ake kashe wa nasa bayan ke. In akwai, a daina daga ranar.

Kafin wannan zaman, akwai wanda ya fi shi wuya, kuma shi na fi so ki fara yi. Ki ɗauki maigidanki ku je majami'a a tsakiyar mako, lokacin da ba kowa. Ya buɗe makirufon, ya naɗi muryarki, ki rera waƙar da kika fi so yadda kika saba. Sannan ku zauna kujera ɗaya ku saurara tare, ya nuna miki da bakinsa inda kika kauce da inda kika yi daidai. Zai yi ciwo, ba zan ruɗe ki ba. In kuka ya zo ki yi abinki. Amma kada ki tashi, kada ki yi masa tsawa, ki bar shi ya kai ƙarshe. In ya iya faɗa, ke kuma kika iya ji, to yafiyar da kike tambaya ta ina za ki fara, kin riga kin fara ta a nan.

Allah ya sanyaya miki zuciya, ya daidaita tsakaninku. Ya ba ki ƙarfin halin jin muryarki, shi kuma ya ba shi na gaya miki gaskiya.

Anti