Ban Canja Kalmar Sirri Ba, Yanzu Kawuna Zai Rantse

Assalamu alaikum mai wannan shafi da masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma kafin kowa ya fara yi mini faɗa ya bari in kai ƙarshe, domin na riga na yi wa kaina wanda ya fi naku zafi. Na gaji ne kawai, irin gajiyar da hutu ba ya maganinta, ina neman wanda zai gaya mini gaskiya.

Kawuna, wan mahaifiyata, shi ya riƙe ni tun ina ƙarami. Yana sayar da magungunan dabbobi, babban shagonsa a Wurno, da ƙanana biyu a Rabah da Goronyo. Abin da aka fi saninsa da shi shi ne allurar rigakafin shanu, idan lokaci ya yi sai ya aika ma'aikatansa ruga-ruga. Wanda ya zauna da Fulani ya san ba sa faɗin yawan shanunsu, balle a wannan zamani da kowa ke tsoron a san abin da ya mallaka. Kawu kaɗai suke ja gefe su raɗa wa, saboda dole ya san kwalba nawa zai aika. Sama da shekara talatin yana riƙe da wannan a kansa da wani tsohon littafi da yake rubutawa da ajami, wanda ko ni da ƙyar nake karanta shi.

Ni na jawo mana, da kyakkyawar niyyata. Da na gama karatu na dawo shago, na dame shi sai mun koma amfani da wata manhajar kasuwanci, irin wadda ba a cikin waya ko kwamfuta take ajiye bayanai ba, a intanet take ajiyewa, duk inda kake ka sa kalmar sirri ka ga komai. Wata uku ina lallashinsa. Wata rana ya ce mini, "To wanga ɗaki da za a aje sirrin mutane, ina shike? Wa ka gadinai?" Na ce, "Kawu, ya fi akwatinka tsaro, ba mai shiga sai wanda ya san kalmar." Ya dube ni ya ce, "Kai ka sani. Amma ka tuna amanar mutane ta."

Ba zan yi wa manhajar ƙarya ba, ta yi amfani. Magani ya daina lalacewa a shago ba a sani ba, domin tana nuna wanda wa'adinsa ya kusa ƙarewa. Daga Wurno ina ganin abin da ya rage a Goronyo ba sai na hau mashin ba. Tana tuna mana ranar rigakafin kowace ruga. Da wayata ta faɗa ruwa a fadama, na sayi wata na shiga, na tarar da komai yana nan. Har Kawu ya fara alfahari da ita a kasuwar Gandi, yana ce wa abokansa ɗansa ya tattara shanun duniya ya zuba a waya.

Ga inda na yi kuskure. Masu manhajar sun ce kowane ma'aikaci a ba shi tasa kalmar sirri, a kuma taƙaita abin da zai iya gani. Na karanta, na fahimta. Amma ma'aikatanmu duk 'yan uwa ne da surukai, kuma duk sun girme ni. Ta yaya zan dubi mutumin da ya goya ni in ce masa kai iyakarka nan, wancan shafi ba naka ba ne? A wurinmu wannan daidai yake da ka ce wa mutum ba ka yarda da shi ba. Sai na yi kalma ɗaya, kowa ya haddace, aka zauna lafiya.

A cikinsu akwai yayan matata, zan kira shi Yaya Mani ko da yake ba sunansa ba ne. A lokacin shi ke riƙe da shagon Rabah. Bara suka saɓa da Kawu a kan yawan barin shago a rufe, ya ajiye mukulli ya tafi. Ranar na buɗe wurin canja kalmar sirri, na tsaya ina kallo, na rufe. Idan ya gwada shiga ya ga an toshe shi, me zai ce wa matata? Me surukata za ta ce, an mai da ɗanta ɓarawo tun bai bar bakin ƙofa ba? Na ce bari abin ya huce tukuna. Sati ya zama wata, wata ya zama shekara, ni kuma na manta, ko in ce na ga dama na manta.

Watan jiya wani Ardo da ke kiwo ta wajen Rara ya zo shagon Wurno da rana tsaka, bai ko zauna a tabarmar da aka shimfiɗa masa ba. Ya ce mutum biyu sun zo rugarsa a kan mashin, kwana huɗu kafin ranar da muka sa masa, suka ce Alhaji, wato Kawu, shi ne ya aiko su. Bai san fuskokinsu ba, amma bai yi musu ba, saboda sun faɗi yawan shanunsa daidai, har da maruƙan bana, sun kuma san ranar da aka yi allurar bara. Suka yi allura suka tafi. Abin da ke cikin kwalaben nan, Allah kaɗai ya sani. Wurin allurar ya kumbura, maruƙa bakwai suka mutu, shanu biyu suka yi ɓari. Ardo bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Alhaji, ni da kai da Allah munka san yawan shanuna. In ba kai ka aiko su ba, to wa kag gaya ma?" Kawu ya ce bai aiki kowa ba, bai kuma taɓa gaya wa kowa ba.

Bayan Ardo ya tafi na shiga manhajar. Akwai shafin da ke nuna wace waya ce ta shiga, da kuma yaushe. Na ga wayar Yaya Mani, wadda ni da hannuna na saka masa manhajar a ciki, ta buɗe shafin Ardo sau uku a makon da mutanen nan suka je rugarsa, ta buɗe na wasu rugage goma sha ɗaya. Nan take na canja kalmar, aikin da bai ɗauke ni minti biyu ba. Na kira sauran rugagen ɗaya bayan ɗaya na ce kada su bari baƙuwar fuska ta taɓa musu shanu, amma ban gaya musu dalili ba.

Washegari na sami Yaya Mani a Rabah. Na ce, "Yaya, mi ya kai ka ga bayanin Ardo?" Bai musa ba. Ya ce wasu masu yawon tallan magani ne suka nemi ya nuna musu rugagen da lokacinsu ya kusa, shi bai san jabu suke ɗauke da shi ba. Sannan ya gyara zama ya ce, "Kai kab bar ƙohwa buɗe. In ka hwaɗi, ni da kai za a kama. Kuma ka san ƙanwata ba ta zama gidan wanda yas sa anka ɗaure wanta." Na hau mashin na dawo, ban ko yi masa sallama ba.

Da la'asar Kawu ya kira ni. Ya ce, "Ɗana, ka duba min na'urar taka? Wani ya shiga?" Bakina ya riga ni. Na ce, "Babu kowa, Kawu, sai mu." Ya shafa fuska ya ce, "Alhamdu lillahi. To hankalina ya kwanta." Ina jin kunyar wannan amsa fiye da komai a cikin labarin nan. Mutumin da ya biya mini karatu, ya yi mini aure, ya tambaye ni abu ɗaya tak, na ba shi ƙarya.

Yanzu magana ta kai gaban dattawa. Ardo ya ce ba ya son a biya shi ko maraƙi ɗaya, abin da yake so shi ne Alhaji ya dafa Alƙur'ani a gaban mutane cewa sirrin nan bai fita ta shagonsa ba. Sauran makiyaya sun dakatar da rigakafi, suna jiran wannan rana. Kawu mutum ne da ko wallahi ba kasafai yake cewa ba, amma ya amsa ba tare da jinkiri ba, domin ya dogara da maganata. Idan na yi shiru, zai rantse a kan abin da ba haka yake ba, da bakina na kai shi. Idan na yi magana, sunansa ya zube a idon mutanen da suka yarda da shi shekara talatin, Yaya Mani ya shiga hannu, gidana kuma ban san abin da zai zama ba. Matata tana ta tambayar me ya hana ni cin abinci, ina ce mata zafi ne.

Jiya Kawu yana shirin rufe shago ya juyo ya ce, "Ran Alhamis kai za ka raka ni wurin rantsuwar. Kai ka riƙa min Alƙur'anin, tunda kai kas san na'urar, in sunka yi tambaya ka ba su amsa." Na ce to.

Yau Litinin. Don Allah jama'a, ni me zan yi?