Kar a Kai wa Madam Zakara

Goggo,

Na fita kina barci. Kokon Nafisatu na cikin kwano.

Jiya karo na uku ke nan Madam ɗin matanel, makarantar ƙananan yara ta unguwar Rumde Ajiya, ta koro mu. Wai takardar haihuwar Mubi a kasuwa ake sayenta. Ta sa Nafisatu ta ɗora hannu bisa kai ta kamo kunne a gaban iyayen yara, wai tunda hannun ya kai, ta wuce shekara huɗu. Laifin yarinya ne don ta gaji tsawon ubanta? Na haɗiye, ban bari ta ga hawayena ba.

Madam ta ɗauka ban taɓa shiga aji ba. Na rubuta ƙara da Faransanci, shafi biyu, mata biyar da ta kora sun sa hannu. Yanzu zan kai wa sufeton makarantu, haɗe da katin rigakafin Nafisatu mai ranar haihuwarta.

Na ga kin ɗaure zakara za ki kai mata. Don Allah, Goggo, kar ki kai. Ki zuba masa dawa ya yi ƙiba. Ranar da ta rubuta sunan Nafisatu da hannunta, ina tsaye a kanta, ranar za mu yanka shi.

Hafsatu