Giyar Furen Mama

Bryn Eithin, Afrilu

Yaya Gwenda,

Gaisuwa mai yawa, da fatan aikin wanki a Liverpool bai cinye miki hannu ba. Bayan haka, furen dandeliyon, rawayan furen nan na daji, ya rufe gangaren bayan gida, ba mai tsinka tunda aka kwantar da Mama a asibitin masu tarin fuka. Sai na ɗauki kwandonta na fita da rana tsaka, lokacin da furen ke buɗe. Na jiƙa shi a babbar randa da sukari da ɓawon lemo da ragowar tuffar lambu, na ɗora gasasshen burodi mai yis a kai. Ga ta nan tana ta ɓulɓula. Baba ya leƙa ya ce, "Wannan giya ce ko maganin ɓera?" Amma ya daɗe a tsaye a wurin.

Kin san Mama ce ke buɗe kwalbar farko ran Kirsimeti. Zan ajiye mata. A littattafan da nake karantawa, mara lafiya yakan miƙe a babin ƙarshe. Ke da kike leƙa ta, yaya jikin?

Ƙanwarki,
Nesta

*

Nesta,

Na gaishe ki. Hannu kam duk ya yi kanta. Jikin Mama da sauƙi. Ki ji ni da kyau, sarkin mafarki: kada ki kuskura ki toshe kwalba alhali randar tana magana. Sai ta yi tsit, in ba haka ba fashewa za ta yi. Giyar fure ba a yi mata gaggawa. Ki ajiye littattafan soyayyar nan ki wanke wa Baba riguna.

Yayarki

*

Nesta,

Gaisuwa. Ki hau bas ran Lahadi ki je wurin Mama, ni ba za a sake ni daga aiki ba. Ki kai mata kwalba ɗaya. Ta tambaya.

Gwenda

*

Bryn Eithin, Mayu

Yaya,

Ina gaisuwa. Ke da bakinki kika ce sai randar ta yi shiru, ke kuma kika ce in kai. Nan na gane abin da kike ɓoye mini.

Na cika kwalbar, na toshe, na naɗe ta a zanen gaban Mama na girki, na rungume. Bas ɗin ya yi zafi. Muna hawan tudun ƙarshe ta fashe a cinyata, ta yanke ni. Wata tsohuwa ta ɗaure mini yatsa tana cewa, "Ke 'yar nan, wace uwa ce ta bar ki da ɗanyar giya?"

Haka na shiga wurin Mama hannu wofi, riga sharkaf. Ta rame, Yaya, zobenta ma a zare yake a wuya. Ta ce in matso. Ta jawo gefen rigata, ta kai hanci, ta lumshe ido. Can ta ce, "Kin bar koren gindin furen. Za ta yi ɗaci." Ta yi dariya har tari ya ƙwace. Ta ce baɗi in riƙa cirewa. Ba ta ce za ta nuna mini ba.

Taki,
Nesta

*

Bryn Eithin, Yuni

Yaya,

Da fatan kin koma lafiya bayan jana'izar Mama. Yau randar ta yi shiru. Na ɗanɗana. Da ɗacin.

Zan toshe kwalaben gobe. Ki zo Kirsimeti ki buɗe ta farko, ke ce babba.

Nesta